Sharhi Kan Girka Linux Mint a Gefen Windows 10

Tun da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu tsofaffin kwamfutoci suka shiga tsaka mai wuya, domin Windows 11 na buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0, wadda kwamfutata ba ta da ita. Shi ya sa na girka Linux Mint 22, wani tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows, a gefen Windows ɗin ba tare da na goge komai ba.

A ganina, babban aikin yana cikin shiri ne tun kafin a fara girkawa. Na kwashe muhimman takarduna zuwa wata ma'ajiya, na kashe Fast Startup (saitin da ke sa Windows ya tashi da sauri), sannan na rage wa Windows fili na bar wa sabon tsarin gigabait 60. Fayil ɗin Linux Mint da ake saukewa ya kusa gigabait 3, kuma manhajar Rufus ce ta ɗora shi a filashi. Wanda batirin kwamfutarsa ya mutu kada ya kuskura ya fara sai yana da tabbacin wuta, domin idan aka ɗauke ta ana tsaka da raba ma'ajiya, yana iya rasa tsarin biyu baki ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne damar gwada tsarin daga filashi kafin a taɓa ma'ajiya, inda na tabbatar da cewa intanet, sauti da madannai duk suna aiki. Bayan girkawa, duk lokacin da na kunna kwamfuta sai GRUB, wato manhajar da ke tayar da tsarin, ya fito da jerin sunayen Linux Mint da Windows, in zaɓi wanda nake so.

Agogo kaɗai ya ɗan ɗaure mini kai, domin idan na koma Windows sai in tarar ya yi baya da awa ɗaya. Dalili shi ne Linux na ajiye lokaci bisa UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, Windows kuma bisa lokacin gida, alhali Najeriya tana gaban UTC da awa guda. Umarnin "timedatectl set-local-rtc 1", wanda ake rubutawa a Terminal (wurin rubuta umarni) na Linux, ya warware matsalar.

LibreOffice, manhajar aikin ofis irin Microsoft Office, ya wadatar da ni wajen rubutu da lissafi, kuma wannan sigar ta Linux Mint za ta ci gaba da samun gyare-gyaren tsaro har 2029. Sai dai CorelDRAW da Photoshop ba su da sigar Linux, saboda haka mai sana'ar zane ko buga katin aure kada ya goge Windows ɗinsa, amma ya rage shiga intanet da shi tunda an daina tallafa masa.