Gargaɗi: Masu kira da sunan hukuma suna cewa a karanto musu lambar da ta shigo waya

Jama'a, assalamu alaikum. Duk wanda wannan saƙo ya isa gare shi, don Allah ya karanta wa mutanen gidansa, musamman iyayenmu da ba sa karatun boko amma suna da layin waya da asusun banki.

Akwai 'yan damfara da ke kiran mutane suna cewa daga NIMC suke, wato hukumar katin ɗan ƙasa, ko daga Babban Bankin Najeriya, ko hukumar sadarwa ta NCC. A da irin waɗannan da Turanci suke magana, ko da gurguwar Hausa, da ka ji ka san ba alheri. Yanzu ba haka ba ne. Sallama cikakkiya zai yi maka, ya tambayi iyali, ya ce "Ranka ya daɗe, da Alhaji wane nake magana?" Ya kawo sunanka da na mahaifinka, ya faɗi ranar haihuwarka da ƙaramar hukumarka, wani har ƙarshen lambar BVN ɗinka, wato lambar shaidarka ta banki, zai karanto. Kafin ka gama mamaki sai ya ce an sami saɓani tsakanin NIN ɗinka, wato lambar katin ɗan ƙasa, da BVN, kuma idan ba a gyara ba kafin ƙarfe huɗu na yamma za a rufe layinka da asusunka. Sai ya sassauta murya: "Kada ka damu Alhaji, ba sai ka zo ofis ba, daga nan za mu gyara maka. Yanzu saƙo zai shigo wayarka, ka karanto min lambobi shidan da ke ciki."

Idan ka karanto, shi ke nan, kuɗinka sun tafi.

Abin da ya sa mutane masu hankali ke faɗawa wannan tarko shi ne barazanar ba baƙuwa ba ce, mun ga an yi ta da gaske. Tun watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da NIN. A watan Afrilu na 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira. An yi ta ɗage wa'adi har zuwa na 14 ga Satumba, 2024, kuma duk wanda ya bi dogon layi a ofishin kamfanin waya a lokacin bai manta ba. A Disamba na 2023 ma Babban Banki ya umarci bankuna su tabbatar kowane asusu yana haɗe da BVN ko NIN. To mutumin da aka taɓa toshe wa layi ya yi kwanaki yana zarya, idan aka ce masa ga hanyar gyara ta waya cikin minti biyu, me zai hana ya yarda? Da wahalar da muka sha suke farautarmu.

Amma ga abin da nake so kowa ya riƙe. Sanin sunanka da ranar haihuwarka da NIN ɗinka ba ya nuna cewa mai kiran ma'aikacin gwamnati ne. Waɗannan bayanai sun daɗe suna yawo a hannun mutane. A 2024 an bankaɗo shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya a kan naira 100 zuwa 200, har NIMC da kanta ta fito ta lissafa sunayen wasu daga cikinsu ta ce a guje su. A 2025 kuma EFCC, hukumar yaƙi da masu zambar kuɗi, ta yi gargaɗi a kan matasan da ke bin mutane suna sayen NIN da BVN ɗinsu a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar gaba a buɗe asusun da ake wuce kuɗin sata da shi. Mu ma muna taimaka musu. Takardar NIN da aka bari a shagon hoto, fom ɗin "tallafi" da aka turo a WhatsApp muka cike har da sunan uwa, littafin da wani ya zagaya da shi unguwa yana rubuta NIN da lambar asusu wai ɗan siyasa zai raba jari, duk ba mu san inda suke ƙarewa ba.

Saboda haka mai kiran ya riga ya tara kusan komai. Abu ɗaya ne ya rage masa, kuma shi ne dalilin kiran: lambar da banki ke turowa wayarka kai kaɗai, wadda ake ce wa OTP, ko lambar sirrin katinka. Saƙon da ya ce "zai shigo yanzu" ba shi ya turo ba, kuma ba hukuma ce ta turo ba. A daidai lokacin da yake magana da kai, shi ko abokin aikinsa yana ƙoƙarin shiga manhajar bankinka a wata waya, ko yana sayayya da lambar katinka a intanet. Bankin ne ya ga ana taɓa asusun, ya turo maka lamba don ya tabbatar kai ne. Idan ka karanta masa, ka shaida wa banki da bakinka cewa kai ne ke cire kuɗin. Shi ya sa dawo da su ke wuya. Abin takaici, a cikin saƙon an rubuta kada a faɗa wa kowa, amma da Turanci, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake hari lambobin kawai suke iya karantawa.

Sana'ar POS nake yi, kuma a gabana na ga yadda abin ke tafiya. Wata dattijuwa da ta saba cirar kuɗi a wurina ta zo da waya manne a kunne, ta miƙo min katinta tana cewa, "Ɗana, karanta wa wannan bawan Allah lambobin nan, idona ba ya gani sosai." Na ce, "Hajiya, waye?" Ta ce daga Abuja ne, sunanta ya fito a tallafin gwamnati, katin ne za su "kunna" kuɗin su shigo. Ta riga ta ba shi lambobi 16 na gaban katin, saura ranar ƙarewarsa da ukun nan na baya. Na karɓi wayar na yi sallama. Bai ko daburce ba, ya ce in yi sauri domin akwai mutane da yawa a layi, in ba haka ba Hajiya za ta rasa rabonta. Da na tambaye shi sunan ofishin da adireshinsa in kai ta da kaina, sai ya kashe. Hajiya ba ta ji daɗi ba, a ganinta na toshe mata arziki. Sai da na nuna mata cewa mai turo maka kuɗi lambobi 10 na asusu kawai yake buƙata, kamar yadda ɗanta ke turo mata duk wata ba tare da ya taɓa tambayar katinta ba, sannan ta yi shiru. Na ce ta je banki a rufe katin a ba ta sabo, tunda rabin sirrinsa ya fita.

Abin da na lura a ranar shi ne ya hana ta kashe waya tun daga gida har bakin shagona. Haka suke yi. Ba sa barin ka samu sararin tambayar wani. Wasu ma suna cewa kada ka gaya wa ma'aikatan banki domin wai su ake bincike. Duk kiran da aka haɗa maka gaggawa da ɓoye magana, ka san ba na hukuma ba ne.

Rigar tana sauyawa da labarin da ake yi a gari. Da aka cire tallafin man fetur a 2023 aka yi maganar raba naira 25,000 ga gidaje, sai suka koma ma'aikatan jin-ƙai. Da NELFUND ta fara bai wa ɗalibai rance a 2024, sai ga masu kiran iyaye wai a biya kuɗin tantancewa. Akwai na Kwastam mai gwanjon mota da shinkafa, akwai mai kujerar Hajji da ta rage, akwai mai aikin gwamnati da ba a yi jarrabawa ba. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Mafi muni shi ne mai tsoratarwa, wanda zai ce shi jami'in EFCC ne, an ga kuɗin haram sun bi ta asusunka, ka turo wani abu a kashe maganar. Babban Banki ba ya riƙe asusun ɗaiɗaikun mutane, balle ya kira ka. NIMC ba ruwanta da lambar sirrin katinka. Kuɗin da ake biyan gwamnatin tarayya ta hanyar biya ta hukuma yake bi, da rasidi, ba ya shiga asusu mai sunan wani mutum. Shafukan gwamnati kuma galibi da .gov.ng suke ƙarewa.

Wani zai ce ai Truecaller, manhajar da ke nuna sunan mai kira, ta nuna masa sunan hukumar. Sunan da ke fitowa a Truecaller mutane ne ke sa shi, ɗan damfara na iya yi wa lambarsa rajista da sunan da ya ga dama, har ya ɗora tambarin gwamnati a hoton WhatsApp.

A WhatsApp ɗin ma da lambobi shida suke ƙwace shi. Za a ce an shirya taron masu cin gajiyar wani shiri, an turo maka lambar shiga, ka faɗo ta. Wannan lambar ta ɗora WhatsApp ɗinka ce a wayarsu. Daga nan sai su bi 'yan'uwanka da abokan kasuwancinka da sunanka suna cewa kana asibiti, a taimaka. Ka shiga saitin WhatsApp ka kunna tantancewa mai mataki biyu, ka sa lambar sirri da kai kaɗai ka sani. Haka kuma kada ka danna wata lamba mai tauraro da wani ya karanto maka, musamman mai farawa da *21* ko **21*, domin tana karkatar da kiranka zuwa wayarsa, kuma ana iya karɓar lambar tantancewa ta kiran murya. Idan kana zargin an yi maka haka, danna ##002# ka soke. In kuma layinka ya ɗauke sabis gaba ɗaya alhali na mutanen da ke kusa da kai yana aiki, kada ka zauna jiran "netwok", mai yiwuwa wani ya yi welkam bak da layinka, wato ya karɓi sabon sim da lambarka. Ka tafi ofishin kamfanin a ranar, ka kuma sanar da banki.

Idan irin wannan kira ya zo, ba sai ka yi musu ko zagi ba. Ka ce "to, zan je ofis da kaina," ka kashe. In zuciyarka ba ta kwanta ba, ka kira bankinka ta lambar da ke bayan katinka, ba ta lambar da ta kira ka ba. Maganar layi kuma kamfanin wayarka ne, idan ba su saurare ka ba NCC na da lambar ƙorafi kyauta, 622. Ga mu da muke da tsofaffi a gida, mu yi da su cewa duk wanda ya kira a kan kuɗi, kati, NIN ko BVN, su ce "bari ɗana ya zo." Kuma a daina rubuta lambar sirri a takarda ana naɗe kati da ita, ko sa shekarar haihuwa a matsayin lambar sirri, tunda ita ce farkon abin da ɓarawon ya sani.

Wanda kuma ya riga ya faɗa, kada kunya ta sa ya yi shiru har gari ya waye. A cikin mintuna suke rarraba kuɗin zuwa asusu daban-daban. Bankuna da yawa suna da lambar rufe asusu nan take, ko da da wayar wani ce, kamar *901*911# na Access da *966*911# na Zenith. Ka tambayi bankinka tasu tun yanzu ka rubuta ka ajiye. Bayan rufewa ka je reshe ka shigar da ƙorafi a rubuce, ka karɓi lambar ƙorafin, ka kai rahoto wurin 'yan sanda, kada ka goge saƙonni da lambar da ta kira ka. Idan mako biyu ya wuce banki bai ce komai ba, kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki.

Bayan kwana biyu ko uku wani na iya kiran ka ya ce shi ɗan sanda ne ko jami'in EFCC, an kama waɗanda suka cuce ka, ka turo kuɗin mai ko na buɗe fayil a dawo maka da dukiyarka. Zai ma faɗi adadin da aka ɗebe maka daidai, domin su ne suka ɗeba. Kada ka tura ko sisi.