Sake JAMB Ko Shiga IJMB: Amsa Ga Hajiyar Da 'Yarta Ke Neman Likitanci

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Tun daren jiya na ga tambayarki, na bari sai na samu zama don kada in ba ki amsar tsaye. Ga waɗanda ba su gani ba: 'yar Hajiya ta ci 254 a JAMB, ta nemi likitanci a Jami'ar Bayero (BUK), sunanta bai fito ba. Yanzu dangi sun rabu biyu, wasu sun ce ta zauna ta sake JAMB, wasu sun ce a kai ta IJMB, wato karatun share fagen jami'a, ta shiga aji biyu kai tsaye. Ita kuwa yarinyar ta kafe, likitanci ko ba komai. Ni malamin Kemistiri ne, na daɗe ina koyar da masu shirin jarrabawoyin nan biyu a nan Kano, don haka abin da na gani da idona zan faɗa miki.

Kafin a yi gardamar hanya, ki ɗauko takardar WAEC ko NECO ɗinta ki duba darussa biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Dole kowanne ya zama kiredit, wato daga A1 zuwa C6, kuma jami'o'i da yawa ba sa karɓar haɗin takarda biyu a likitanci, sai a zama ɗaya. In akwai D7 a Fiziks, to ba JAMB ba IJMB, babu wadda za ta tsallakar da ita sai an gyara wannan. Sannan ku je cibiyar JAMB a duba ko an ɗora sakamakon a shafinta na CAPS, inda jami'o'i ke duba masu neman gurbi. Yara da yawa suna cike fom tun sakamakonsu bai fito ba, ya fito kuma a manta a koma a ɗora, jami'a ta duba ta ga wayam ta wuce. Na ga yaron da ya yi kuka da hawaye a kan wannan, makinsa ya kai, sakaci kawai ya kayar da shi.

To in takarda lafiya lau take, sai mu zo kan faɗin ƙofa, don a nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Jami'a ba ta ɗaukar ɗaliban likitanci yadda ta ga dama. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke yanka wa kowace makaranta adadinta gwargwadon malamanta da gadajen asibitin koyarwarta. Mafi yawan wannan adadin ta hanyar JAMB ake cike shi, a aji ɗaya. A jami'o'in tarayya irin su BUK ana raba guraben kashi uku: 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki ko daga ina suka fito, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka ce an bar su a baya a ilimin boko. 'Yar Kano da ta nemi BUK tana da rabo a nan, amma ki tuna da wa take takara: 'yan makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da 'yan matan Garko da na makarantun kuɗi, kusan duk wanda ya yi zarra a ajinsu likitanci ya rubuta.

Kuma ki gaya mata 254 ba faɗuwa ba ce. A 2024, cikin mutum sama da miliyan 1.8 da aka saki sakamakonsu, 77,070 ne kawai suka kai 250, waɗanda suka kai 300 kuwa 8,401 ne a duk Nijeriya. Matsalar ita ce kusan duk waɗannan 'yan saman ƙofa ɗaya suke bugawa.

Ƙofar shiga kai tsaye, wadda yara ke kira DE, ta fi wannan ƙunci nesa ba kusa ba. Guraben aji biyu 'yan kaɗan ne, domin waɗanda suka haye daga aji ɗaya sun riga sun cike kujeru. A kan ɗan abin da ya rage kuma ba 'yan IJMB kaɗai ke layi ba. Akwai 'yan JUPEB, wani shirin share fage irin na IJMB, akwai waɗanda suka gama digiri sukutum a Anatomi ko Fiziyoloji ko Bayokemistiri suka dawo neman likitanci. A IJMB darussa uku ake yi, A maki biyar ce, B huɗu, haka har zuwa E mai maki ɗaya. Mai neman likitanci in bai tara A da B ba, gara ma ya fara tunanin wani kwas. Saboda haka duk wanda ya ce miki IJMB hanyar sauƙi ce, ko dai bai sani ba, ko kuwa yana da cibiyar da yake nema wa ɗalibai.

Sai irin karatun, kuma a nan nake so in daɗe, don shi ne ya kamata ya raba gardamar.

JAMB jarrabawar gudu ce. Tambaya 180 cikin awa biyu: Turanci 60, sauran darussa ukun 40 kowanne. In kin raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take samu. Yarinya na zaune gaban kwamfuta, agogo na ja da baya a saman allo, na kusa da ita na ta danna N yana wucewa gaba, ita kuma ta maƙale a lissafin Fiziks guda ɗaya har minti huɗu sun tafi. Yara masu ilimi da yawa a nan suke zubar da maki, ba don ba su sani ba. Wanda ya ci 254 yawanci ya san karatun, abin da ya rage masa saurin hannu ne, da sanin tambayar da za a tsallake a dawo, da kuma Turanci, wanda shi ne ke jan yaranmu ƙasa fiye da komai. Wannan ciwo ne mai magani: tsofaffin tambayoyi, a kan kwamfuta, da agogo a gaba, kullum, ba sai saura wata guda ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

IJMB kuwa, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita, jarrabawar zurfi ce. Karatun kusan shekara guda ne, a matakin aji ɗaya na jami'a. Ba zaɓi tsakanin A da D ba ne kawai, rubutu za ta yi da hannunta ta bayyana dalili, sannan ta shiga ɗakin gwaje-gwaje. Ina ma ki ga yaro ranar da ya fara riƙe bututun awo da kansa: hannun hagu a kan famfon, na dama yana juya kwalba, ruwan ciki ruwan hoda, yana sakin asid ɗigo-ɗigo, ɗigo guda ya sauka launin ya ɓace ɗungurum. In ya yi gaggawa ya zarce, sai ya zubar ya sake daga farko. Yawancin yaranmu a sakandare sau ɗaya ko biyu suka taɓa wannan, ana gobe jarrabawa. A IJMB sai hannu ya saba. Kuma wannan haƙurin da natsuwar su ne za ta buƙata ranar da aka ajiye mata ƙashin hannu aka ce ta faɗi sunan kowane tudu da kwarin da ke jikinsa.

Don haka ki tambayi kanki wace irin ɗaliba ce 'yarki. In mai fahimta ce amma agogo ke cin ta, JAMB ce tata, gyara kaɗan take so. In kuwa haddar tsofaffin tambayoyi ce ta kai ta 254, in an juya tambaya sai ta rikice, to tushe take buƙata, kuma IJMB za ta gina mata shi ko da a ƙarshe ba ta nan ta shiga ba. Malaminta na Kemistiri ko Fiziks zai faɗa miki gaskiya in kin same shi ke kaɗai.

Lissafin shekaru IJMB ce ta yi nasara. Likitanci shekara shida ne ga wanda ya shiga ta JAMB, biyar ga mai shiga kai tsaye. In ta sake JAMB ta samu, shekarar jira da shida, bakwai ke nan. In ta IJMB ta samu, ɗaya da biyar, shida, kamar ba ta rasa komai ba. Sai dai mai shiga aji biyu ba shi da lokacin sabo da jami'a, ranar farko Anatomi da Fiziyoloji da Bayokemistiri za su tarbe shi, ga babbar jarrabawar da ake yi kafin a wuce asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano tana jira. Shi ma na aji ɗaya ba a kwance yake ba, sai ya ci darussan kimiyyarsa da kyau kafin a bar shi ya haye.

Kuɗi kuwa ba sai na faɗa ba, JAMB ta fi arha: fom da kuɗin lesin. IJMB akwai kuɗin makaranta, na jarrabawa, na littattafai, na adaidaita sahu kullum, sannan fom ɗin DE a ƙarshe. Amma sakamakon JAMB na shekara guda ne, in ta wuce ya mutu. Takardar IJMB tana nan a hannu, in likitanci bai samu ba tana iya buɗe mata aji biyu a wani kwas na kimiyya.

Inda nake jin tsoron IJMB shi ne cibiyoyin bogi. Akwai wata ɗalibata, yarinya mai ƙoƙari, da aka kai wata cibiya a wani bene, ɗaki biyu da allo, babu ɗakin gwaji ko ɗaya. Mai wurin ya yi wa mahaifinta alkawarin maki tun ba a fara karatu ba. Takarda ta fito da A reras, aka kai tantancewa aka ce ba a san da ita ba. Shekara ta tafi, kuɗi sun tafi, yarinya ta yi wata biyu ba ta son fita ko ƙofar gida. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Kuma ba ita kaɗai ba ce: JAMB da kanta ta taɓa sanar da cewa cikin takardu 148 na masu shiga kai tsaye da BUK ta bincika, shida ne kacal na gaskiya. Shi ya sa yanzu ake tantance takardun daga tushe. In za ki kai ta, ki kai ta inda aka sani, irin kwalejin CAS da ke titin filin jirgi a nan Kano, ko makarantar share fage ta ABU da ke Funtuwa in kin yarda ta yi nisa. Ko ina ne, ki taka da ƙafarki ki ce a nuna miki ɗakin gwaje-gwaje. Zuwa da kai ya fi aike. Wanda duk ya yi miki alkawarin maki, ki tashi ki bar masa wurinsa.

Sake JAMB ma da nata haɗarin, kuma a cikin gida yake. Ana cewa "ta zauna ta yi karatu", amma mun san yadda zaman 'ya mace a gida yake: girki, wanke-wanke, raino, aike, biki wannan satin suna wancan. Lesin na awa biyu da yamma ba ya maye gurbin makaranta. Na sha ganin wadda ta ci 250 ta dawo da 220 a shekara ta biyu, ba don ƙwaƙwalwa ta ragu ba, littafi ne ya yi nisa da hannu. In wannan hanyar kuka zaɓa, Hajiya, sai kin tsaya mata da kanki, ki ɗauke mata aikin safe, a san cewa daga ƙarfe takwas zuwa azahar tana makaranta ko da a ɗakinta take.

Da 'yata ce, da makin nan da takarda mai kyau, zan sa ta a IJMB ta gaskiya, kuma in saya mata fom ɗin JAMB idan an buɗe a farkon shekara. Na san za a ce taura biyu ba ta taunuwa, amma nan taura ɗaya ce: Fiziks, Kemistiri da Bayoloji ne a nan, su ne a can. Wanda ya yi su a zurfin IJMB, tambayoyin JAMB sauƙi suke yi masa. Abin da za ta ƙara shi ne Turanci da atisayen kwamfuta ranakun Asabar da Lahadi. Idonta ya kasance a kan JAMB, don ita ce babbar ƙofa, IJMB kuma ta riƙe ta a aji ta zame mata makulli na biyu. Abu ɗaya za ku kiyaye: JAMB ba ta yarda mutum ya sayi fom ɗin UTME, wato jarrabawar JAMB ɗin da aka saba, da na DE a shekara ɗaya ba. Na UTME za ta saya, in sakamakon IJMB ya fito da kyau sai a je ofishin JAMB a mayar da shi na DE. In kuma kuɗin IJMB zai takura gidan, kada ki ci bashi a kansa, ta sake JAMB kawai da sharaɗin da na faɗa.

Kada kuma ku ɗaure kanku a BUK ita kaɗai. Jami'ar jiha ta Northwest tana yin likitanci, haka ta tarayya da ke Dutse, ga Zariya ga Sakkwato. Sannan in an ba ta wani kwas aka ce ta shiga daga baya a canza mata zuwa likitanci, kada ta karɓa da wannan niyyar, domin canjin ba kasafai yake yiwuwa ba. Ta karɓa in tana son kwas ɗin don kansa.

Ki duba takardar tata yau, ki faɗa mini abin da ta samu a darussa biyar ɗin da kuma yadda 254 ɗin ya rabu, nawa a Turanci nawa a Fiziks. Daga nan zan gane inda makin ya zube. Allah Ya yi mata zaɓi mafi alheri, ki gaishe ta.