Mixed In Key da kiɗan okestira: inda take faɗin gaskiya da inda take ruɗa dije

A bukukuwan unguwannin Nima, Mamobi da Madina na birnin Accra, dije da yawa sun fara sa kiɗan okestira na Turawa lokacin shigowar amarya, daga nan su gangara zuwa hailaif ko afrobit. Wurin gangarawar ne ake jin kunya, domin idan gidan sautin waƙoƙin biyu, wato key ɗin da aka gina kowace a kai, bai jitu ba, ko kakar amarya za ta ji abu ya karce mata kunne. Manhajar da aka fi dogara da ita a wannan aiki ita ce Mixed In Key, wadda ta fito a 2006. Ga kiɗan rawa na zamani aikinta yana da kyau. Ga okestira kuwa, rabin aikin take yi, sauran na kunnenka ne.

Tana sauraron fayil ta ba shi lamba bisa da'irar Camelot: 1 zuwa 12, da harafin A ga maino, B ga meja. C meja shi ne 8B, A maino 8A. Ƙa'idar haɗi ita ce ka tsaya a lambarka, ko ka matsa ɗaya gaba ko baya, ko ka canja harafi kawai. Tana kuma ƙirga bugu a minti, ta ba waƙa makin kuzari daga 1 zuwa 10, ta rubuta duka a jikin fayil yadda manhajojin dije irin su Serato, Traktor ko rekordbox za su karanta.

Inda kiɗa ya zauna a gida ɗaya, ba ta da matsala. Canon na Pachelbel, wanda aka fi sa wa amare, D meja ne daga fari har ƙarshe, wato 10B, kuma zai shiga lafiya cikin waƙar da ke 9B, 11B ko 10A. Amma yawancin kiɗan okestira ba ya zama wuri ɗaya. Simfoni na 5 na Beethoven, wanda aka fara kaɗawa a Biyana a 1808, ya tashi a C maino, 5A, kafin minti ɗaya ya cika ya leƙa 5B, kashinsa na ƙarshe kuma a 8B yake. Alamar da ke jikin fayil ba za ta gaya maka inda kake a daƙiƙar da za ka ɗaga feda, wato majanyin ƙarar sauti, ba. Maganin shi ne ka yanke daidai wurin da za ka yi amfani da shi, daƙiƙa 40 zuwa 90, a manhajar gyaran sauti ta Audacity, wadda kyauta ce, ka ba manhajar guntun kaɗai.

Akwai tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa. Kiɗan zamani ana saita shi a kan A mai girgiza 440 a daƙiƙa. Ƙungiyoyin da ke kaɗa Bach da Vivaldi da kayan kiɗa irin na dā suna saitawa a 415, kusan rabin mataki ƙasa, wato tazarar maɓalli ɗaya a fiyano. Sai ka ga an rubuta F maino a bangon faifai, wanda ya kamata ya zama 4A, manhajar ta ce 9A. Ba ƙarya ta yi ba, abin da ta ji ke nan, kuma lambarta za ka bi. Mafi wuya su ne ƙungiyoyin Jamus da Ostiriya da ke saitawa a 442 ko 443. Tazarar ba ta kai ta canja lamba ba, kashi 8 zuwa 12 ne cikin ɗari na rabin mataki, amma idan gogunan suka ja dogon sauti a kan fiyano na waƙar zamani za ka ji suna rawa kamar rediyon da bai kama tasha sosai ba. Sai ka sauke guntun da wannan ɗan kaso kafin ka adana.

Ƙirgan bugu shi ne raunin da ya fi fitowa. Jagoran makaɗa yana ja yana saki yadda ya ga dama, babu gangar da ke riƙe lokaci. Kiɗan Grieg na fadar sarkin dutse, 10A, da gangan yake ƙara gudu har ƙarshe, don haka duk lambar da aka ba shi ba ta da amfani. Wanda ya fi biyayya shi ne Boléro na Ravel, na 1928, saboda ƙaramar ganga tana riƙe salo ɗaya kusan minti 15, a 8B, sai dab da ƙarshe ya tsallaka 12B na ɗan lokaci. Shi ma bugu uku-uku yake tafiya. Idan faifanka yana 72 a minti, nemi waƙa mai 96: uku nasa za su cika daidai da huɗu nata, irin saƙar da kunnen ɗan zango ya saba ji a hannun makaɗan kalangu. Ga sauran, ko ka daidaita bugun da hannu a manhajar haɗa kiɗa ta Ableton Live, ko ka haɗa a wurin da waƙar zamani ba ta da ganga. Kuma ka kunna makullin gidan sauti, wanda ke hana sautin canjawa idan ka ƙara gudu, domin ƙarin gudu na kashi 6 cikin ɗari yana ɗaga waƙa rabin mataki, 8B ya koma 3B.

Makin kuzari kuwa kada ka dogara da shi wajen gane yanayi. Adagio na Barber, 3A, kiɗa ne mai sanyi, amma na makoki ne, an sha sa shi a jana'izar manya a Amurka. Lamba za ta ce ya dace, zauren biki zai ce a'a. Ka rubuta yanayin da kanka a gurbin bayani: na shigowa, na cin abinci, na addu'a.

Dijen da ke da dubban waƙoƙin rawa, idan ya sayi Mixed In Key kuɗinsa ba zai tafi a banza ba. Wanda okestira kaɗai ta kawo shi, gwajin gidan sauti da ke cikin rekordbox ko Serato ya ishe shi farawa, ya haɗa da ƙaramin kibod don tabbatarwa. Idan kuma ƙungiyar okestira ta ƙasar Gana, wadda aka kafa a 1959, tana wasa a National Theatre, ya je ya zauna ya ga yadda hannun jagora ke jan lokaci, zai gane dalilin da layin bugu ke zamewa a kwamfutarsa.