Garin furotin don rage tumbi: wanne ya cancanci kuɗinka a Abuja?

Jama'ar jim (gidan motsa jiki), musamman masu son rage tumbi, don Allah ku riƙa juya robar nan kuna karanta bayanta kafin ku biya. Shagunan Wuse 2 da Gwarinpa sun cika da garin furotin kala-kala, kuma da yawa babbar roba za su fara miƙo maka, wai ta fi auki. Yawanci Mass Gainer ce, an yi ta ne don siraran da ke son ƙiba, cike take da sitaci da suga, wani awo ɗaya ma ya haura kalori 1,000. Kai da kake gudu a kan injin kullum don tumbi ya sauka, me za ka yi da ita?

Ni dai Gold Standard Whey na Optimum Nutrition nake sha kuma gaskiya ban da ƙorafi sai tsada. Ludayi ɗaya giram 24 na furotin, kalori wajen 120, yana narkewa a ruwan sanyi ba gudaji, mai cakulan ɗin ya fi min daɗi, na vanilla zaƙinsa ya yi min yawa. Bayan motsa jiki in na sha sai yunwar nan ta yamma ta lafa, ba na neman burodi da lemo, kuma ta nan ne yake taimakawa, shi kansa garin ba ya ƙona kitse wallahi, sai ka rage cin da kake yi.

Whey daga madara ake samunsa, in madara tana kumbura maka ciki nemi wanda aka rubuta Isolate, an tace shi sosai, sugan madarar kaɗan ne ya rage, amma fa kuɗinsa ya fi. Casein kuma, wani furotin ɗin madara ne, a hankali yake narkewa a ciki shi ya sa ake sha da dare, ni ban ga dole ba. Na waken suya ma yana aiki.

Jabu ya yi yawa, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa da hatimin murfi, in farashi ya yi araha fiye da kima ku bar shi. Masu damuwa da halal su duba tambarin a jiki.

Wanda aljihunsa bai kai ba kada ya ci bashi, ƙwai 4 sun kai furotin ɗin ludayi guda, ga awara, ga wake, ga kindirmo da kifi.