Soson toshe kunne na 3M 1110: wata huɗu ina aiki da shi a bakin injin niƙa

Shekara 11 ina kan injin niƙa a Tudun Wada, nan Kaduna, ban taɓa sa komai a kunne ba sai auduga, ita ma sai ranar da na tuna. Ba ciwo ne ya kai ni asibiti ba, uwargida ce ta gaji da maimaita magana. Ta ce, "Malam, ko dai da gangan kake yi, ko kuma kunnen nan ya fara tafiya." Ga kuma wani kuka kamar na gyare da nake ji in na kwanta, musamman in an ɗauke wuta unguwa ta yi tsit.

A Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa aka sa ni a wani ɗan ɗaki, aka ɗora mini abin sauraro, aka ce in danna maɓalli duk sanda na ji sauti. Masu kauri duk na ji su. Da aka zo kan sirara sai na zauna ina jira, ashe tuni sun wuce. A takardar gwajin, layin da ke nuna ƙarfin jina ya faɗa rami daidai wajen 4000, wato ɓangaren siraran sautuka. Likita ya ce wannan tambarin ƙarar inji ne: akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi can cikin kunne, wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Wanda ya rage shi za a tsare. Da na ambaci auduga, murmushi kawai ya yi.

A wani shagon kayan aiki na sayi soson. Ruwan lemo ne, mai laushi, biyun haɗe da igiya. Igiyar nan ita ce rabin amfaninsa a wurina, domin in abu ya kuɓuce ya faɗa cikin garin mutane, to ranar sai Allah. A jikin ledar an rubuta yana rage ƙara da desibel 29 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara). Wannan lissafin ɗakin gwaji ne, a bakin aiki kada ka sa ran samun duka, balle in ka sa shi sakaka.

Ni ma sakaka na fara. Kwana uku ina cusa shi a baki-baki, ina cewa an ci kuɗina. Ashe sai ka murza shi tsakanin yatsu ya zama siriri kamar tsinke, ka zagaya da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja kunnen sama, ka tura shi ciki, ka dafe kamar rabin minti har ya kumbura. A nan za ka ji ƙarar tana ja da baya a hankali, kamar an rufe ƙofa tsakaninka da injin. Muryarka kuma ta koma kamar kana magana cikin randa. Wannan sai da na yi mako kafin na saba.

Yaron maƙwabcina ya auna mana ƙarar da manhajar waya, ta nuna desibel 97 in ana ɓarzar masara. Waya ba na'urar asibiti ba ce, amma ko da kuskure a ciki abin ya isa tsoro. A ƙa'idar hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, desibel 85 awa 8 ne iyakarsa a yini, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. Ke nan 97 minti 30 ne kacal. Ni kuwa daga hantsi har magariba.

Tsoron da na yi shi ne kada in daina jin injin kansa, don da kunne muke gane bel ya fara zamewa. Ana ji sarai, zafin ƙarar ne kawai ke raguwa. Maganar yara masu kawo niƙa ce ke ɗan wuya, sai dai da can ma da hannu muke magana.

Inda sana'armu ke cutar sa shi ne datti. Hannu duk gari, wani lokacin har da barkono, ka murza soso da shi ka kai kunne, ka ja wa kanka. Ba a wanke shi, na yarwa ne. Don haka nake sa shi da safe kafin in taɓa komai, in wanke hannu kafin in mayar bayan sallar azahar, in ya fara tauri ko ya yi baƙi in canza. Na gwada wani mai rufe kunne duka, marar suna, mai araha. A zafin watan Afrilu gumi ya cika shi, robarsa ta tsage cikin sati uku.

Gyaren bai tafi ba, likita ma bai yi mini alƙawarin haka ba. Amma dum ɗin da kunnena ke yi bayan an tashi aiki ya daina, ciwon kan yamma ma ya yi sauƙi. Na sayi kwali guda na ajiye, na kuma kafa wa yaron shagona doka: ba soso, ba tada inji. Shekararsa 17, har yanzu yana jin ƙarar wayata daga cikin aljihu kafin ni in ji.