Mun hau jirgin yawo a tafkin Jabi: abin da na gani, da abin da bai yi mini ba

Ni dai ba mai son ruwa ba ce, gara in faɗa tun farko. 'Yar Kano ce ni, kuma tun ranar 30 ga Nuwamba 2021 da kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, aka rasa rai aƙalla 29, yawancinsu yaran Islamiyya da suka kama hanyar zuwa Mauludi, ko a talabijin na ga jirgi cike da yara sai gabana ya faɗi. To amma yara ba sa barin mutum da tsoronsa. Sun daɗe suna yi wa babansu nacin ya kai su tafkin Jabi su hau jirgi mai inji, shi kuma ya ɗaukar musu alkawari ba tare da ya ji ta bakina ba. Kwana biyu bayan babbar sallah muka tafi mu bakwai: ni da maigida, yaranmu uku, sai ƙaninsa da amaryarsa.

Ga wanda bai san wurin ba, tafki ne da aka tare, ba na Allah da Annabi ba, yana tsakanin unguwar Jabi da Kado a Abuja. A gefe guda ga katafaren kantin nan na Jabi Lake Mall da aka buɗe a 2015, a wani gefen ga filin shaƙatawa mai dawakan haya da masu tsire da masu ɗaukar hoto. Jiragen ba na mutum ɗaya ba ne, kowa da nasa, kowa da yaransa masu tarar fasinja. Wannan ya kamata a riƙe, domin abin da na samu a hannun wani ba shi za ka samu a hannun wani ba.

Wanda ya fara tare mu wani matashi ne mai zaƙin baki. "Hajiya ku zo nan, namu ya fi gudu." Gudu kuwa shi ne abu na ƙarshe da nake nema. Muka bi shi dai. Rigunan kariyarsu na jibge a kan bencin jirgi, wasu fasinjojin da suka sauka ma a kansu suka zauna kamar matashi. Soson da ke cikin irin wannan riga shi ke ɗaga mutum a ruwa, in aka yi ta danne shi da zama sai ya lotse, ƙarfinsa ya ragu. Ya zaro ɗaya ta manya ya zura wa autata mai shekara 4, ta sauko mata har gwiwa. Na ce ba ta yara? Ya yi dariya ya ce, "Ai wannan ta ma fi rufe ta, Hajiya." Na kama kafaɗun rigar na ɗaga sama, sai ga kan yarinya ya nutse ciki, idonta kawai ake gani ta wuyan riga. Abin da ruwa zai yi ke nan: rigar ta taso, yarinyar ta zame ta ƙasa. Na cire mata, na ja hannunta muka yi gaba. Maigida na biye yana cewa na cika tsirfa.

Na biyun shi ne wanda muka hau, kuma a kansa wannan sharhi yake. Dattijo ne, Hausarsa da ɗan gargada irin ta mutanen bakin Kwara, kuma da muka zauna hira ya ce a kogin ya tashi, tun yana riƙe filafili kafin ya san inji. Kafin a yi maganar kuɗi ya dubi auta ya ce, "Hajiya, rigar irin tata guda biyu gare ni, duk suna kan ruwa. In za ku jira su dawo, to. In ba za ku jira ba, ba zan ɗauke ta ba." Lokacin sallah ne, layi ya yi tsawo, wasu na miƙa kuɗi ta kan kafaɗarmu, amma bai sauya magana ba. Muka jira kusan rabin awa cikin rana, yara na ƙunƙuni, ƙanin mijina na tsokanata wai na samo wanda ya fi ni tsoro.

Da rigar ta zo na gane bambancin. Tana da ƙeya mai kauri da ke tallafe kai, da madauki a bayan wuya inda za a cafko yaro, da wata igiya da ke bi ta tsakanin ƙafafu a maƙale ta a gaba. Wannan igiyar ce ke hana riga suɓulewa ta sama. Shi da kansa ya durƙusa ya ɗaure mata, ya ja kafaɗun ya gwada, ba ta wuce haɓarta ba. A cikin rigar akwai tambarin da ke nuna nauyin yaron da aka yi ta dominsa, da lamba 100N. Rigunan da ake yi bisa ma'aunin ƙasashen Turai suna ɗauke da irin wannan lamba: mai 50N taimako ce kawai ga wanda ya iya iyo kuma yake kusa da gaɓa, ba ta juya wanda ya suma fuskarsa ta kalli sama, mai 100N ita ce ta ruwa mai kwanciya irin na tafki. In za ka hau, buɗe cikin rigar ka duba, ba ya cin minti ɗaya.

Rigunan manya dai sai a hankali. Tawa a jiƙe take, tana warin gumin mutanen da suka riga ni, kuma mai sanye da lufaya ko babban hijabi sai ya yi dabara kafin ta zauna daidai. Ta amarya maƙalli ɗaya ya karye, an ƙulle shi da igiyar leda. Da na nuna, yaron jirgin ya canza mata ba musu, amma na ga ya mayar da karyayyar cikin tari, ke nan wani zai sa ta bayanmu. Wannan kam bai yi mini ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne lodi. A jikin jirgin an rubuta mutum 10. Mu bakwai ne, ga wasu ƙarti uku a bayanmu, lissafi ya cika cif. Dattijon ya ƙare wa maigida da ƙaninsa kallo (gidansu ba a san rama ba), ya dubi ukun nan, ya ce su jira sahu na gaba. Ɗaya ya ce ai goma aka rubuta. Ya ce, "Ɗana, jirgi ba ya ƙirga kai, nauyi yake ji." Sannan ya raba mu: Alhaji babba dama, Alhaji ƙarami hagu, yara a tsakiya kusa da ni, kada kowa ya miƙe tsaye, kada a ruga gefe guda don kallon wani abu. Na samu abin rama tsokana, na ce wa ƙanin mijina yau dai an auna shi an ga buhu biyu ne.

Maganar dattijon ba camfi ba ce, an taɓa biyan ta da rayuka a ƙasar da ake ganin komai a rubuce yake. A ranar 2 ga Oktoba 2005 wani jirgin yawon buɗe ido mai suna Ethan Allen ya kife a tafkin George da ke jihar New York a Amurka, rana tsaka, ba iska ba hadari. Fasinja 47 ne a ciki, yawancinsu tsofaffi, 20 suka mutu. A takarda bai yi obalodi ba, don an ba shi izinin ɗaukar fasinja 48. Da hukumar binciken haɗurra ta ƙasar ta bi diddigi, sai ta gano an sauya masa rumfa da mai nauyi ba a sake gwada daidaituwarsa ba, kuma lissafin da ake yi tun da can yana ɗaukar kowane fasinja a matsayin mai kilo 64, alhali mutane sun yi ƙiba. Mutum 14 ya kamata ya ɗauka. Daga baya masu tsaron gaɓar Amurka suka ɗaga ma'aunin zuwa kusan kilo 84. Abin da injiniyoyi suka gano bayan an yi jana'iza, shi wannan bawan Allah yake aunawa da ido.

A nan gida ma dokar tana nan. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta cikin ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja tun kafa ta a 1997, ta hana obalodi, ta hana tafiyar dare, ta hana hawa ba rigar kariya. Haɗarin Patigi na jihar Kwara a watan Yunin 2023, wanda ya ci 'yan biki sama da 100, cikin dare ya faru. Dattijon ya ce shi shida na yi yake ɗaure jirgi, ko nawa za a ba shi. Amma manifes, wato rubuta sunayen fasinja kamar yadda ake yi a tashar mota, ba wanda ya yi mana. Kuɗi aka karɓa, aka yago mana 'yar takarda. Da wani abu ya faru, sai dai a tambayi masu tsire ko mu nawa ne.

Tafiyar kanta ta yi daɗi, ba zan ci amanarta ba. Ya fita a hankali har muka bar wurin masu ƙananan kwale-kwale, sannan ya ƙara wuta. Na lura da wata jar igiya mai lanƙwasa ɗaure a wuyan hannunsa, ɗaya bakin a jikin inji. Ɗana na tsakiya, sarkin tambaya, ya ce, "Baba, wannan ta mece ce?" Ya ce in ya faɗa ruwa igiyar za ta fizge, inji ya mutu nan take, kada jirgi ya yi ta zagaye ba matuƙi farfela na neman mutane. Akwai abin kashe wuta ɗaure kusa da jarkar fetur, akwai filafili biyu da zoben ceto ɗaya. Da wani mai babur ɗin ruwa ya wuce da gudu ya tayar da igiyar ruwa, sai ya rage wuta ya juya hancin jirgin ya fuskance ta, bai bari ta buge mu ta haƙarƙari ba. Duk da haka na yi salati da ƙarfi, yara suka yi ta dariya.

Inda suka gaza sosai shi ne bayani. An ce mana yawo ne da ɗan rakiya, amma yaron da aka ce shi ne ɗan rakiyar bai faɗi komai game da tafkin ba, ko tsuntsayen da ke bakin ciyawa, ko zurfin ruwan. Aikinsa karɓar waya ya yi mana hoto, hoton ma rabin kaina babu. Ko yadda za mu yi in jirgi ya kife ba wanda ya gaya mana sai da na tambaya, dattijon ya ce a riƙe jikin jirgi, kada a ce za a yi iyo zuwa gaɓa.

Minti 30 muka biya. Ba mu cika 20 ba ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗowa baƙi ƙirin, iska ta soma kaɗa gyalen amarya. Bai yi shawara da kowa ba ya juya. Maigida ya ce ai da saura, ya ce, "Alhaji ka yi haƙuri, iskar da ke gaban ruwan sama ita ce abin tsoro, ba ruwan ba." Muna taka gaɓa ƙura ta tashi, ledoji na yawo sama, masu tsire na kare garwashi da faranti. Jirgin matashin nan na farko kuwa yana can tsakiya yana fama, ya dai iso lafiya, fasinjojinsa sharkaf.

Juyowar ta yi daidai, ban da ja. Abin da na ƙi shi ne da muka nemi a rage mana kuɗin sauran mintunan, mai karɓar kuɗi ya ce ba a mayarwa, kuma ba a faɗa mana haka ba kafin mu biya, ba a rubuta a ko'ina ba. In damina ce, tambayi wannan kafin ka miƙa kuɗi, kuma ka je da safe, ruwa ya fi kwanciya, layi bai yi tsawo ba. Kada ka biya sai ka ga rigar ƙaramin cikinku a jikinsa, ka ja kafaɗunta da hannunka.

Zan koma, amma wurin dattijon kaɗai, in na tarar ba ya nan mu hau doki mu dawo gida. Maigida har yanzu in an tuna zancen sai ya ce ana bin mu bashin minti goma. Auta kuwa kuka ta yi da za a cire mata rigar, sai da yaron jirgi ya bar ta ta busa usur ɗin da ke rataye a wuyanta sau uku kafin ta yarda.