Gargaɗi: mai tallan wayoyin firinta 3D ya cuce ni ₦68,000, alminiyam ne ya zo

Jama'a, duk mai haɗa firinta 3D da hannunsa ya buɗe kunne. Akwai wani da ke yawo a zaurukan WhatsApp na masu haɗa na'urori, yana tallan cikakken setin wayoyin Voron 2.4 (wani samfurin firinta 3D da ake haɗawa da hannu), wai an yanka daidai tsawo, an matse kawuna, an liƙa wa kowace lamba. ₦68,000 na tura masa, har da kuɗin ƙarin naɗin waya guda na mita 10. ₦68,000, a wannan marrar! Abin da aka sauke mini a tasha jabu ne, tun daga ƙarfen ciki har robar da ta rufe shi.

Kada kowa ya ce ban bincika ba. Na titsiye shi da tambaya, ya amsa tiryan-tiryan: 20 AWG (ma'aunin kaurin waya ne, ƙaramar lamba ta fi kauri) na hitar kan firinta, 24 AWG na fanka da tamista (mai auna zafi) da moto, 18 AWG na wutar gado (farantin da ake bugu a kansa), masu bi ta sarƙa (sarƙar roba mai ɗauke da wayoyi yayin da kan firinta ke motsi) kuma duk rufin PTFE, wato roba mai santsi mai jure zafi. Sai ya ce, “Oga, ni ba na sa wayar silikon a cikin sarƙa, tana da danƙo, tana cijewa idan ta goga da 'yar uwarta.” Wannan maganar ce ta saye ni, har yanzu tana yi mini yawo a ka. Gaskiya ce tsantsa, sai wanda ya taɓa jera waya a sarƙar robar nan zai san ta. Wa zai ji haka ya yi zargin damfara? Kuma ya turo bidiyo yana ƙona waya da laita, ta yi ja, ba ta narke ba. Bidiyon ma bayan na tura rabin kuɗin ya zo, shi ya sa na cike sauran ba tare da ɗar ba. Ashe wayar bidiyo daban, ta cikin kwali daban.

Ga abin da ke cikin kwalin. Na kankare silin waya da reza, jan ya tafi, fari ya fito. Alminiyam ne aka yi wa fatar jan ƙarfe. Na sa laita, silin ya lanƙwashe ya zube, domin alminiyam yana narkewa a digiri 660, jan ƙarfe kuwa sai ya kai 1,085. Naɗin mita 10 da aka buga wa 20 AWG ya kamata ya ba da kamar om 0.33 (ma'aunin turjiyar waya ga wuta) a mitar gwaji. Bayan na cire na igiyoyin mitar, wajen 1.3 ya nuna. Wato siririyar 24 AWG ce ta alminiyam, aka kumbura ta da roba mai kauri don ido ya ruɗu. Robar kuma da ya rantse PTFE ce, ƙarfen dalma a digiri 250 na ɗan taɓa mata, ta narke tana wari. PTFE na gaske bai san an yi ba a wannan zafin, sai ya haura 320. PVC ce zalla, robar waya ta gama-gari.

Kafin in gano duk wannan, na riga na jera komai tsaf, wayoyin wuta gefe guda, na sigina gefe guda, kowace a kwance a sarƙa ba murɗa. Sai Klipper, manhajar da ke tuƙa firintar, ya fara tsayar da aiki ana tsaka da bugu, yana cewa hita ba ta ɗaukar zafi yadda ya kamata. Lambar zafi ta riƙa tsalle duk sanda kan firinta ya je kusurwar baya. Dalili: waya a sarƙa tana lanƙwasa tana miƙewa sau dubbai a bugu guda, alminiyam kuwa ba ya jure haka. Silin yana karyewa ɗaya bayan ɗaya a ciki, roba tana nan lafiya lau a waje. Hitar wat 40 a bolt 24 bai fi amfiya 1.7 take ja ba, amma kanektar Micro-Fit ɗinta har ta yi ruwan ƙasa saboda zafi.

Matsin kawunan ma abin takaici ne. Kowane fil yana da fukafukai kashi biyu, na gaba su rungumi ƙarfe, na baya su riƙe roba. Shi filaya kawai ya sa ya tauna su. Bakunan da za su shiga ƙarƙashin sukuru, maimakon ya sa musu ferul (ɗan bututun ƙarfe da ake matsewa a bakin waya), sai ya shafe su da dalma, ita kuwa dalma tana lotsawa a hankali, sukuru ya saki, wurin ya fara ƙonewa. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne wayar at (wayar kariya mai kai wuta ƙasa), mai kore da rawaya: ja ɗaya na yi da yatsu biyu ta zare daga kanta. Gadon nan wutar gida yake sha kai tsaye, firam ɗin duk ƙarfe ne. Ran mutum ya sayar a ₦68,000.

Na tura masa hotuna, ya ce laifin wanda ya ba shi kaya ne, zai maido kuɗi. Wannan ma kafin in nuna masa gwajin laita ne. Yana ganin bidiyona ya toshe ni. Mutumin da ya ce mini silikon yana cijewa a sarƙa! Allah ya isa tsakanina da shi. Hotunan hirarmu, rasit ɗin ₦68,000 da bidiyon gwajin duk suna nan, zan ɗora su da zarar na rufe lambobin asusu.

Kada ku biya sai kaya sun shigo hannunku. Ku kankare, ku ƙona, ku auna, ku ja kowane kai. Wanda ya riga ya sa irin wannan setin ya zare filogi yau, ya fara duba wayar at.